Rasuwar Ƙiftau, Mai Kunna Fitilun Motar Rake

Da zuciya mai nauyi da baƙin ciki, da kuma wasu 'yan tambayoyi da har yanzu ban gamsu da amsarsu ba, ni Ukasha Direba na bayan tasha a garin Makarfi, a madadin kaina da iyalina waɗanda ba su nemi a sa sunansu ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Makarfi da Ikara da Kudan rasuwar Ƙiftau. Ya rasu ranar Larabar makon jiya, tsakanin azahar da la'asar, a kan teburin zaurena, ba na gida. Ya yi wata bakwai da kwana tara a hannuna.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ɗan allon lantarki ne shuɗi, bai fi akwatin ashana girma ba, da ƙafafu jere a gefe biyu da wani baƙin abu mai kusurwa huɗu a tsakiya, wanda nan ne ƙwaƙwalwarsa. Ana jona shi da kwamfuta, a rubuta masa umarni, shi kuma ya riƙe ya aiwatar. Aikinsa a gidana shi ne kula da fitilun motata.

Da na ce motata, kada a ɗauka wadda aka sani. Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan rake daga Makarfi zuwa Kano da Katsina, sha tara daga ciki a babbar motar nan mai koren kai da aka rubuta wa Sai Mun Dawo a goshi. Da gwiwa ta hana ni taka kuloci na ajiye makulli, mai motar kuma ya sayar da ita ga 'yan gwangwan, suka yanka ta a gabana. Bayan nan na yi kusan shekara ba na son bin ta bakin tasha. Rannan na ɗauko gwangwanin man gyaɗa da almakashin ƙarfe, na fara yanko kanta daga abin da na tuna. Na yi bodi da katakon tsohon benci, na yanko tayoyi goma daga silifas ɗin da gidan ya gaji da su, na loda mata sillen kara a matsayin rake, na ɗaure da zare yadda muke ɗauri. Tsawonta kamu uku. Duk wanda ya taɓa ganin ta gaske yana shigowa zauren yake kiran sunanta.

'Yata Rumaisa, wadda ke aikin haɗa sola a Kaduna, ita ta kawo marigayin da Babbar Sallah. Ta ajiye shi a tafin hannuna ta ce, “Baba, wannan zai sa motarka ta yi sigina.” Na juya shi gaba da baya na tambaye ta ina batirinsa, ina makunninsa, wa kuma zai riƙa danna shi. Ta yi dariya, ta bar mini tsohuwar kwamfutarta da takarda guda da ta rubuta matakai, ta koma bakin aikinta.

Ina da shekara sittin da uku, da yatsa ɗaya nake buga rubutu. Mako biyun farko babu abin da kwamfutar ta ba ni sai jan rubutu na faɗa. Har na fara zargin Rumaisa ta kawo mini wanda ya lalace a wurin aikinsu, sai ta gane ta waya cewa akwai wata alama, ɗigo a sama waƙafi a ƙasa, da ake sawa a ƙarshen kowane layi, ni kuma ina tsallake ta. Fitilun ƙanana ne kamar ƙwayar masara, kowace da ƙafa biyu, doguwa da gajera, in ka juya su ba za su kama ba. Na ƙone guda sha ɗaya kafin in yarda cewa sai an sa wa kowace wani ɗan abu mai zobba masu launi, razista, wanda ke rage mata ƙarfin wuta. Ranar da ta farko ta kama, ta mutu, ta sake kamawa ba tare da na taɓa ta ba, na zauna ina kallonta har abincin rana ya huce. A ranar na raɗa masa suna.

Ina shaida wa jama'a cewa marigayin mai biyayya ne. Bai taɓa yi mini musu ba, ko da ni ne ba ni da gaskiya. Akwai ranar da na rubuta hagu a wurin dama, ya wuni yana sigina hagu, bai ce mini uffan ba. A harshen kwamfuta, dubu ɗaya daƙiƙa ɗaya ce. Da na sa masa dubu sai na ga siginar ta yi nawa, ba haka ta Sai Mun Dawo take ba. Na rufe ido ina buga gwiwa da yatsa, ina tuno ƙarar da take yi a kwanar shiga Paki, ina rage lamba, har na tsaya a ɗari uku da tamanin. Ya karɓa, kuma daga ranar bai ƙara ko rage ɗaya ba. Daga baya ya koyi kunna jar fitilar birki idan na danna maɓalli, ya koyi ɗaga manyan fitilun gaba a hankali, yadda na tsohuwar mota ke yi in batiri ya yi sanyi. Ba shi da ci. Bolt biyar yake sha, ta cajar waya. Ba shi da surutu. Muryarsa ɗaya da na sani ita ce “ɗin-ɗin” da kwamfuta ke yi in an jona shi, kamar mai amsa sallama.

Akwai walimar tsofaffin direbobi da za a yi a Hunkuyi ranar Lahadi mai zuwa, kuma na yi alkawari a gaban mutane zan kai motar da fitilunta. Saura kwana sha ɗaya abin ya faru.

Na dawo daga kasuwa da la'asar, ina ɗaga labulen zaure na ji ƙaurin roba. Na jona shi, ɗan koren hasken da yake nunawa bai fito ba. Kwamfuta ta yi shiru. Na canza waya, na canza caja, na hura masa iska. Da na kai shi bakin ƙofa wurin haske sai na ga ƙwaƙwalwar ta kumbura a gefe guda kamar ƙurji. A nan na san ya tafi, a nan kuma na san ba mutuwar Allah da Annabi ba ce, domin na bar shi lafiya lau, a cire, an lulluɓe motar da tsohon rawani.

Na fara da zargin masu ba da wuta, kamar yadda kowa zai fara. Amma tun ranar Litinin unguwarmu ba ta ga wuta ba. Wannan karon dai ba su ba ne, kuma na faɗi haka ba da son raina ba.

Na biyu ita ce uwargida Mero, matata ta shekara talatin da takwas. Sau biyu na taɓa kama ta da cajar marigayin a jikin wayarta. Tana goge teburin da jiƙaƙƙen tsumma duk da na hana. Kuma ta taɓa cewa a gaban baƙi wai abin nan ya fi ta samun hira a gidan. Na same ta tana tsintar shinkafa a tsakar gida, na tambaye ta wa ya shiga zaure.

“Malam, ni dai ban taɓa maka shi ba,” ta ce.

“Ba abin da na tambaya ke nan ba.”

“To abin da na sani ke nan.”

Ba ta ɗago kai daga faranti ba, kuma na lura tsakuwar da ta tsince ta mayar cikin shinkafar. Na riƙe wannan a raina.

Na ɗauki hoton gawar na tura wa Rumaisa. Ba a yi minti biyar ba ta kira. Ta ce an ba shi bolt goma sha biyu ta ƙofar da ke cin biyar, wataƙila ma an juya wayoyin, kuma abin da ke da sha biyu wanda ya fi sauƙin ɗauka shi ne batirin mashin. Sannan ta ce, “Baba Yahuza ya zo gidan ne yau?” Ni ba ni da mashin. Na koma zaure na durƙusa da wannan gwiwar tawa, na laluba ƙarƙashin tebur. Na sami guntun jar waya, an fere bakinta da haƙori. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke fere waya da haƙori alhali akwai wuƙa a aljihunsa.

Yahuza ya yi shekara ashirin da biyu yana bi na a mota. Mun kwana a daji tare da karyayyen aksul, mun ci daga kwano ɗaya daga nan har Jibiya. Amma tun da marigayin ya shigo gidana na lura da wani abu a tare da shi. Nakan rufe ƙofar zaure da rana don a ga fitilun sosai, mutane su yi ta salati, shi kuwa sai ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa bodi, ya ɗago ya ce, “Oga, ni fa ban ga wani abu ba.” Sau uku yana faɗin haka a ranaku daban-daban, ina ƙirgawa. Na ce a raina hassada ce, don ni na koyi abin zamani da tsufana shi bai koya ba. Yana kuma da mashin da ya jingine tun damina, ya ce wai kafireto ne. Na bi ta ƙofar gidansa a yammacin, na leƙa, na ga an cire batirin.

Ranar Alhamis da hantsi na same shi a rumfar mai shayi a tasha, cikin mutane fiye da goma. Ban gaishe shi ba. Na ajiye guntun wayar a kan benci na ce, “Shekara ashirin da biyu ina ba ka makullin mota, ashe ba za a iya ba ka amanar akwatin ashana ba.” Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita a takardar ta'aziyya ba. Ya miƙe, ya bar shayinsa, da zai fita ya buga ƙwaurinsa da bencin da ke gabansa har kofuna suka zube. Na ce wa mutane ku gani, kunya ce ta rufe masa ido.

Mero ta ji labarin kafin in iso gida, kamar yadda aka saba. Sai ranar Juma'a da na dawo daga masallaci ta biyo ni zaure ta tsaya a bakin ƙofa.

“Malam, ni na buɗe masa zauren,” ta ce. “Ya zo da batiri a buhu da ham ɗin mashin. Ya ce yana so ka dawo ka tarar motar tana kuka.”

“Shi ya sa kika yi shiru.”

“Ya roƙe ni. Amma ba wannan na zo faɗa ba. Ya ce in nuna masa wacce ce jar waya. Na ce, Baban Zulai, ai ga ta nan a hannunka. Ya ce to, ya ci gaba da laluben ƙafafun abin da yatsa. Sai muka ji fas, hayaƙi ya tashi.” Ta gyara mayafinta. “Mutumin nan ba ya gani, Malam. Kai kaɗai ne a Makarfi kake zama da shi kullum ba ka sani ba.”

Na tuna mashin da aka jingine, na tuna bencin mai shayi, na tuna ya daina karanta mini lambar motocin da ke shigowa tasha, abin da ya fi so a duniya. Duk na ga waɗannan, na kuma ajiye kowanne a wurin da bai dace ba.

Na same shi a ƙofar gidansa kan tabarma, ham ɗin na gefensa. Na yi sallama, ya amsa, ya juyo da fuskarsa wajen muryata, ba wajen fuskata ba. Muka gaisa har ƙarshe, gida da iyali da gajiya, kamar ba abin da ya faru. Sannan na tambaye shi tun yaushe.

“Idon hagu tun bara,” ya ce. “Na dama kuma kamar ana hura wutar ɗanyen itace a gabana.”

“Me ya hana ka faɗa mini?”

“Oga, kai da gwiwa, ni da ido. Wa zai yi wa wani jaje?” Ya laluba ya ɗauki ham ɗin ya ɗora a cinya. “Kowa ya shiga zauren nan sai ya fito yana cewa ga Sai Mun Dawo ta dawo. Ni in na sunkuya duhu nake gani. Na ce bari in sa mata ham, ni ma in ji motarmu. Na san wayar mota, na ɗauka duk ɗaya ne. Na kashe maka abinka. Ka yafe mini.”

Ni na je neman gafara, shi ya riga ni. Ban iya magana mai tsawo ba. Na ce masa ya tashi mu je a sake shayin da ya bari.

Saboda haka, tunda a gaban jama'a na yi maganar, a gaban jama'a nake janye ta. Duk wanda yake rumfar mai shayi waccan Alhamis ɗin, ko aka kai masa labari har Ikara ko Likoro, ya sani cewa Yahuza bai ci amanata ba. Hannunsa ne ya yi sanadi, wannan gaskiya ne, amma abin da na ce game da zuciyarsa ƙarya na yi, kuma wanda ya ƙara maimaita shi da ni yake.

Wannan bai rufe binciken gaba ɗaya ba. Har yanzu ina son sanin yadda aka yi Rumaisa, tana zaune a Kaduna, ta kalli hoton ƙonannen allo ta ga sunan Yahuza a jiki cikin minti biyar. Ina zargin uwarta ta riga ni kiranta. Na tambaye su a wuri daban-daban, kowacce ta musa, kuma da kalmomi iri ɗaya sak, wanda bai kwantar mini da hankali ba. Haka nan cajar marigayin ta ɓace daga zaure tun kafin gawarsa ta huce. Ban ambaci sunan kowa ba.

Marigayin ya rasu ya bar fitilu goma sha huɗu, shida farare, huɗu ja, huɗu ruwan lemo, dukkansu lafiya amma ba mai ba su umarni. Ya bar wayar jona shi guda ɗaya, da tsohuwar kwamfuta, da layi sittin da uku na umarni da na buga da yatsa ɗaya, waɗanda Rumaisa ta ce suna nan a ajiye, duk wanda ya gaje shi zai karanta su ya ɗora daga inda aka tsaya. Ya bar mota guda, a duhu. Ta ce za ta aiko da wani irinsa, amma ba zai iso kafin Lahadi ba, ni ma ban ce ta yi sauri ba.

Game da walimar Hunkuyi, motar za ta je kamar yadda aka yi alkawari. Ba za ta yi sigina ba. An ɗaura mata ham a ƙarƙashin bodi, da batirinsa daban da maɓallinsa daban, babu abin da ya haɗa shi da sauran wayoyi, kuma Yahuza ne zai danna. Mun gwada jiya, kajin maƙwabta ba su dawo ba sai magariba. Ana shawartar masu hawan jini su zauna a baya.

Na tuntuɓi limamin unguwarmu kan yadda za a yi jana'iza. Ya ce ba a yi wa na'ura sallah, sannan ya tambaye ni ko ina samun barci. Don haka za a yi abin a taƙaice. Gobe Asabar bayan la'asar za a naɗe marigayin a ƙyallen rawani, a sa shi cikin akwatin ashana, a ajiye shi a ƙarƙashin kujerar direba a cikin motar da ya yi wa hidima. Za a karɓi gaisuwa a zaurena daga nan har magariba. Akwai shayi. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya taɓa komai a kan tebur, kuma duk wanda ya ce ai abin wasan yara ne, za a ba shi shayinsa, amma zan tuna.

Ba za a yi zaman uku ba, domin ranar Litinin ba na gari. Zan kai Yahuza asibitin ido a Zariya, an ce yanar ido ce, kuma ana cirewa. Motar farko za mu bi. Ya ce zai iya tsallaka titi da kansa, na ce masa a'a. A da, duk lokacin da zan yi ribas da lodin rake, shi ke sauka ya tsaya a baya yana cewa taho, taho, tsaya, ni kuma in bi muryarsa ba tare da na ga inda nake zuwa ba. Ranar Litinin ni zan sauka.

Sanarwa daga Ukasha Direba, bayan tasha, Makarfi.